Direba ko Ƙarin Gudu: Ta Ina Ya Kamata a Fara Idan Katin Hoto Yana Durƙushewa?

Mutum yana tsakiyar wasa, ko yana fitar da bidiyon da ya yini yana haɗawa, sai allo ya yi baƙi ƙirin, sauti ya maƙale yana nanata harafi ɗaya, fankokin katin hoto, wato na'urar da ke zana abin da ake gani a allo, su ɗaga murya. Bayan 'yan daƙiƙoƙi hoto ya dawo, amma wasan ya riga ya rufe, kuma a kusurwar allon Windows ta bar ɗan saƙo cewa direban hoto, wato manhajar da ke haɗa Windows da katin, ya daina amsawa amma an farfaɗo da shi. Duk wanda ya karanta wannan saƙo, direban zai fara zargi, tun da shi aka kira da suna. A kwamfutar da ba a taɓa saitinta ba, wannan zargi yana da madafa. Amma a kwamfutar da aka ƙara wa gudu fiye da abin da masana'anta ta ƙayyade, wato abin da masu harkar ke kira obakulok, mai ita yana da hanyoyi biyu a gabansa: ko dai ya fara da direban, ya goge shi ya sa wani, ko kuma ya fara da janye duk ƙarin gudun da ya yi, ya mayar da kwamfutar yadda ta fito daga kwali. Dukansu hanyoyi ne na gaske, kuma akwai wanda sai ya bi duka biyun kafin ya huta, amma wadda aka fara da ita ita ce ke raba mai gano matsalarsa da wuri da mai daɗewa yana lalube. Ra'ayina shi ne a fara da janye ƙarin gudu, ban da wasu 'yan yanayi da zan ambata, kuma dalilin yana cikin ma'anar saƙon kansa.

Tun daga Windows Vista, tsarin yana da wani mai gadi da ake kira TDR, wanda aikinsa shi ne sa ido a kan katin hoto. Idan aka ba katin aiki, aka kuma nemi ya kammala ko ya saki aikin amma ya yi shiru har tsawon daƙiƙa 2, sai Windows ta ɗauka cewa ya sandare, ta sake tayar da shi da direbansa maimakon ta bar kwamfutar duka ta daskare. Wannan tayarwar ita ce baƙin allon da ake gani. A cikin Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ana samun bayaninta a ƙarƙashin lamba 4101, tare da sunan direban: nvlddmkm ga katunan Nvidia, sunaye masu farawa da amd ko ati ga na AMD, igfx ga na Intel. Idan yunƙurin farfaɗowar ya ci tura, sai a ga shuɗin allo mai lamba 0x116. Abin lura shi ne mai gadin bai san dalilin shirun ba. Iyakar saninsa ita ce an aika saƙo ta hannun direba kuma amsa ba ta dawo ba, don haka sai ya rubuta sunan ɗan aiken. Katin yana iya yin shiru saboda kuskure a cikin direban, wannan gaskiya ne, amma kuma yana iya yin shiru saboda zuciyarsa, wato ɓangaren da ke yin lissafin hoto, ta kuskure lissafi a gudun da ya fi ƙarfinta, ko saboda wutar da ke isa gare shi ta yi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido, ko kuma saboda umarnin da aka aiko masa ya gurɓata tun a hanya, a cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, ko a furosesa, wato ƙwaƙwalwarta. Duk waɗannan saƙo ɗaya suke haifarwa, babu bambancin ko harafi.

Hanyar direba ita ce mafi sauƙin farawa, shi ya sa mafi yawan mutane ke binta. Yadda ake yin ta da kyau shi ne a sauke direban da ake son sakawa tukuna, a cire intanet don kada Windows Update ta yi riga malam masallaci ta saka nata, a shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da manhajojin dole kawai, a yi amfani da manhajar DDU wajen share tsohon direba har da ragowar fayilolinsa da saitukansa, sannan a sake kunna kwamfutar a saka sabon. Aikin bai fi na rabin sa'a ba, ba ya cin ko sisi, kuma ba ya buƙatar a buɗe akwatin kwamfutar ko a shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Akwai lokutan da babu ja a kan cewa ita ce ta dace a fara da ita. Idan kwamfutar ta shafe watanni lafiya lau kuma matsalar ta fara a ranar da aka sabunta direba, komawa tsohon direban shi ne gwaji mafi kusa. Haka nan idan an sauya kati daga na AMD zuwa na Nvidia, ko akasin haka, ba tare da an share direban farko ba. Ko kuma idan wasa ɗaya tak ne ke faɗuwa, sabon fitowa, alhali sauran masu nauyi irinsa suna tafiya sumul. A waɗannan yanayi akwai wani abu da ya canza a ɓangaren manhaja, kuma ana iya nuna shi da yatsa.

Rauninta kuwa shi ne tana iya yaudarar mai ita, kuma yaudarar tana da siffa biyu. Ta farko ita ce share direba sau da yawa yana share ƙarin gudun katin ba tare da mutum ya sani ba. Wanda ya yi saitinsa a cikin manhajar Adrenalin ta AMD, saitin yana tafiya tare da direban da aka goge, sai kwamfutar ta lafa, ya ce ai dama direban ne, bayan kwana biyu ya mayar da lambobinsa, matsalar ta dawo, ya ce sabon direban ma ba shi da kyau. Ta biyu ta fi wuyar ganewa. Sabon direba yakan iya sa katin ya yi aiki sosai fiye da da a wani wasa, domin dama abin da ake so ke nan, kuma ƙarin gudun da yake tsaye a bakin gaɓa a ƙarƙashin tsohon direba sai ya zame a ƙarƙashin sabon. Komawa tsohon direban zai kwantar da abin, amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin gudun yana nan a bakin gaɓarsa yana jiran wasa na gaba da zai matsa masa.

Abin da ya faru da katin RTX 3080 a watan Satumba na 2020 ya nuna yadda iyakar da ke tsakanin laifin direba da laifin gudu take da siriri. Masu saye da yawa sun koka cewa wasanni suna rufewa da zarar katin ya kai kusan 2 GHz, aka yi ta muhawara a kan irin kafasitocin, wato ƙananan na'urorin daidaita wuta, da kamfanoni daban-daban suka jera a bayan katin, sai Nvidia ta fitar da direba mai lamba 456.55 a ƙarshen watan, ƙorafin ya ragu ƙwarai. Wanda ya tsaya a nan zai ce direba ne ya yi laifi kuma direba ne ya gyara. Amma tun kafin fitowarsa, waɗanda suka rage wa katunansu gudu da hannu, ko da kaɗan ne, sun riga sun samu sauƙi. Maganin ya zo ta hannun direba, ciwon kuma yana wurin da katin ke hawa ƙololuwar gudunsa.

Hanya ta biyu, wato mayar da komai kan saitin masana'anta, tana da sharaɗi ɗaya da mutane ke yawan karyawa: sai an janye duka, ba rabi ba. Ƙarin gudu yana zama a wurare huɗu, zuciyar katin hoto, ma'ajiyar katin (wato nasa RAM ɗin), furosesa, da RAM, kuma na ƙarshen ne aka fi mantawa da shi. Mutum zai rantse cewa bai taɓa yin obakulok ba, alhali ya kunna XMP a BIOS, saitin da ke ɗaga gudun RAM zuwa lambar da ke kan kwalinsa, ko EXPO a sababbin manyan allunan cikin kwamfuta na AMD, ko DOCP kamar yadda wasu allunan Asus ke kiransa. Wannan kunnawa ƙarin gudu ce cikakkiya. RAM na DDR4 da aka rubuta wa 3600 a kwali yakan tashi ne a 2133 ko makamancinsa idan ba a taɓa komai ba, na DDR5 kuma yakan tashi a 4800. Furosesoshin Ryzen 5000 a hukumance iyakarsu DDR4 3200, na Ryzen 7000 kuma DDR5 5200, don haka 3600 da 6000 da kowa ke amfani da su sun wuce abin da AMD ta yi alkawari, duk da cewa galibi suna aiki lafiya. Lambar da ke kan kwalin RAM shaida ce a kan sandunan kaɗai. Ba ta ce komai a kan furosesar da za ta sarrafa su ko babban allon cikin kwamfuta da za a dasa su a kai ba.

Dalilin da ya sa RAM ko furosesa ke iya kayar da direban hoto ba ɓoyayye ba ne. Direban manhaja ce da ke gudana a kan furosesa, kuma jerin umarnin da yake shirya wa katin a cikin RAM yake ajiye su kafin su ƙetara. Idan sifili ɗaya ya juye ya zama ɗaya a wurin da bai dace ba, katin zai karɓi umarnin da ba shi da ma'ana, ya tsaya cak, mai gadi ya ƙirga daƙiƙa 2, ya rubuta sunan direba. A 2024 an ga babban misalin wannan a furosesoshin Intel Core na zubi na 13 da na 14, musamman i9-13900K da i9-14900K. Wasannin da aka gina da manhajar haɗa wasanni ta Unreal Engine suna faɗuwa da saƙon cewa ma'ajiyar katin hoto ta cika, har a katunan da ma'ajiyarsu ke da sauran fili mai yawa. A watan Afrilu Nvidia ta rubuta a bayanan direbanta cewa masu waɗannan furosesoshi su tuntuɓi Intel, daga baya Intel ta amince cewa furosesoshin suna neman boltej, wato ƙarfin matsin wuta, fiye da kima, ta fitar da gyaran 0x129 a Agusta da 0x12B a Satumba ta hanyar sabunta BIOS, ta kuma ƙara shekara 2 a kan garanti. Duk wanda ya ɓata makonni yana goge direban hoto a wannan lokaci, yana neman abu ne a ɗakin da ba a ajiye shi ba.

Yin wannan hanya yana buƙatar ɗan tsari. Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton kowane shafi na BIOS da waya, ko a ajiye saitin a matsayin furofayil, domin lambobin da aka sha wahalar samu ba sa dawowa daga ƙwaƙwalwa daidai. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker, makullin da Windows ke ɓoye bayanai da shi, ya tabbata mabuɗin ceto yana hannunsa, saboda mayar da BIOS kan asali yana iya taɓa saitin tsaro na TPM ko Secure Boot, Windows kuma ta ƙi buɗewa sai an kawo mabuɗin. Bayan an mayar da BIOS, a buɗe MSI Afterburner ko duk manhajar da ake amfani da ita wajen ƙara wa katin gudu, a danna maɓallin mayarwa, sannan a kashe zaɓin da ke sa ta ɗora saitin da kanta duk lokacin da Windows ta tashi, wanda shi ma ana yawan mantawa da shi. Akwai kuma katunan da kamfaninsu ya ƙara musu gudu tun daga masana'anta, masu ɗauke da harafan OC a sunansu. Ga na Nvidia, a cikin Nvidia Control Panel, ƙarƙashin Help, akwai Debug Mode, wanda ke mayar da katin kan gudun da Nvidia kanta ta tsara. Idan wannan kaɗai ya tsayar da faɗuwar, katin bai iya riƙe gudun da aka sayar da shi a kai ba, kuma wannan hujja ce ta neman a canza shi idan garanti bai ƙare ba.

Idan aka ɗora hanyoyin biyu a kan ma'auni, abin da ya kamata a duba ba lokacin da kowacce ke ci ba ne, domin a nan sun yi kusa. Abin dubawa shi ne abin da mutum zai sani bayan ya gama. Wanda ya sauya direba, idan matsalar ta tsaya bai san tabbas me ya tsayar da ita ba, idan kuma ta ci gaba, abin da ya wanke kawai shi ne zubi ɗaya na direba, sauran abubuwa biyar ko shida suna nan cikin zargi. Wanda ya janye ƙarin gudu duka, kowace amsa ya samu tana da amfani. Idan faɗuwar ta tsaya, direban ya fita daga zargi, kuma an san cewa ɓarawon yana cikin abubuwa huɗu da mai kwamfutar ya saita da hannunsa. Idan ta ci gaba, an wanke huɗun a lokaci guda, sai a koma kan direba da zuciya ɗaya, kuma duk abin da aka gani daga nan za a iya yarda da shi. Ko kamfanin da ya sayar da katin aka je wa da ƙorafi, tambayar da zai fara yi ita ce ko an gwada a saitin asali. Farashin wannan hanya shi ne haƙuri: sai mutum ya zauna da kwamfutar da ta ɗan rage sauri har tsawon lokacin da ya ninka tazarar da ke tsakanin faɗuwa da faɗuwa. Idan da tana faɗuwa kowace sa'a, yamma ɗaya ta isa. Idan sau ɗaya ne a mako, to sai an yi mako biyu ko uku kafin a yanke hukunci, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma yadda kwamfutar ke faɗuwa yakan nuna inda za a fi karkata tun kafin a fara. Ɗigo-ɗigon launi, ko murabba'ai kamar na allon dara, ko layuka masu walƙiya da ke bayyana kafin allon ya ɗauke, sun fi nuna ma'ajiyar katin. Sai dai a kula, domin ma'ajiyoyin zamani irin GDDR6X suna gano kuskure su sake aika bayanin, don haka idan an wuce gona da iri ba lallai ne a ga ɗigo ba. Abin da za a gani shi ne ana ƙara lamba amma makin gwaji yana raguwa. Faɗuwar da ke zuwa bayan an ɗauki lokaci ana wasa, akwati ya ɗumama, tana nuna zafi. Amma akwai kishiyarta da ke rikita mutane: katunan zamani suna hawa gudu mafi girma ne lokacin da suke da sanyi kuma aikin bai yi musu nauyi ba, suna sauka mataki-mataki yayin da zafi ke ƙaruwa, don haka ƙarin gudun zuciya da bai zauna ba yana iya kayar da wasa a mintin farko, ko a shafin zaɓe na wasan, sannan ya jure sa'a guda ta gwaji mai tsanani ba tare da ya yi gezau ba.

Idan kuwa kwamfutar tana mutuwa ne gaba ɗaya kamar an zare fulogi, babu shuɗin allo, babu lamba 4101, sai Kernel-Power 41 kawai a Event Viewer, wadda ba ta faɗin komai illa cewa an kashe ba bisa tsari ba, to hankali ya koma kan akwatin wuta, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfutar lantarki. Manyan katuna suna fizgar wuta fiye da ƙa'idarsu nesa ba kusa ba na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kariyar akwatin kuma sai ta ɗauka wayoyin wuta ne suka haɗu ta yanke. Saboda haka ne ma ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta wajabta wa manyan akwatuna jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon maikirosakan 100. Ramin PCIe, inda ake dasa katin, yana ba da wat 75, kowace waya mai haƙora 8 kuma an tsara ta ne a kan wat 150, don haka katin da ke da baki biyu ko uku ya fi samun natsuwa idan kowane baki yana da wayarsa daga akwatin, ba reshen waya ɗaya ba. Sai kuma alamar da ta fi kowacce wanke katin hoto: idan shafukan burauza suna mutuwa, fayilolin da aka matse suna ƙin buɗewa, shuɗin allo yana zuwa da suna daban kowane lokaci, ko kuma WHEA-Logger, mai rubuta kurakuran na'ura a Event Viewer, yana tara bayanai masu lamba 18 ko 19, to RAM ne ko furosesa. Ta ƙarshe ita ce faɗuwa lokacin da ba a yin komai, ko ana kallon bidiyo kawai. Wannan tana da fuska biyu, domin direba yana iya haddasa ta, haka kuma Curve Optimizer, saitin boltej na furosesoshin Ryzen, idan an rage boltej da yawa, wanda ya fi nuna rauninsa a aiki mara nauyi.

Da zarar an tabbatar cewa kwamfutar ta zauna a saitin asali, sai zaɓi na biyu ya taso, wato yadda za a dawo da gudun. Mayar da komai a lokaci ɗaya tare da ɗan rage kowanne yana da sauri, amma idan faɗuwar ta dawo an koma gidan jiya. Ɗaya bayan ɗaya ya fi, kuma jerin da nake bi shi ne RAM, sannan furosesa, sannan zuciyar katin, sannan ma'ajiyarsa, saboda komai a kan RAM yake tsaye, kuma gwajin kati a kan RAM mai kuskure gwajin banza ne. Manhajojin gwaji irin su MemTest86, TestMem5 da OCCT duk suna da amfani a nan, amma suna da makanta ɗaya da na gani da idona. Kwamfutar da nake aiki da ita ta taɓa cinye gwajin RAM na dare guda ba kuskure ko ɗaya, amma duk wasan da ya kai minti arba'in sai allo ya ɗauke. Na sauya direba har zubi uku. Wata rana na cire murfin gefe don in duba waya, na bar shi a buɗe, sai aka yi sa'a uku babu abin da ya faru. Da na kai bayan hannuna kusa da sandunan RAM, iskar da katin ke turowa sama a kansu take sauka, mai zafi kamar ta bakin murhu. Gwajin dare bai taɓa kunna katin ba, don haka sandunan suna cikin sanyi lokacin da ake jarraba su. Na sauke su daga 3600 zuwa 3200, na rufe murfin, faɗuwar ta tsaya. Daga baya da na ƙara fanka mai fitar da iska ta sama, 3600 ta zauna. Tun daga ranar nake gwada RAM tare da wani aiki da ke gasa katin a lokaci guda.

A ɓangaren katin ma kayan gwaji sun bambanta. FurMark yana tura katin har iyakar wutar da aka yarje masa, abin da ke tilasta masa sauke gudu, don haka gwani ne wajen auna zafi da ƙarfin akwatin wuta, amma ba ya taɓa ƙololuwar gudun da ƙarin da aka yi ya fi shafa. 3DMark da Unigine Superposition sun fi kusa da yadda wasa ke hawa da sauka. Alƙali mafi adalci shi ne wasan ko manhajar da ta fara kayar da kwamfutar, a wurin da ta saba kayar da ita, tare da HWiNFO a buɗe yana rubuta zafi da gudu da boltej, domin a ga abin da lambobin ke cewa a daƙiƙar ƙarshe.

Akwai hanya ta uku da ake yawan ba da shawararta, wato shiga rajistar saitukan Windows a ƙara lambar TdrDelay, tsawon jiran da mai gadin nan ke yi, daga daƙiƙa 2 zuwa 10 ko 60. Tana da muhallinta: wasu manhajojin zane, irin su Substance Painter, suna ba katin lissafi ɗaya mai tsawo da zai iya wuce daƙiƙa 2 alhali katin lafiyarsa ƙalau, kuma masu su da kansu suna ba da shawarar a ƙara. Amma katin da ya sandare saboda gudun da ya fi ƙarfinsa ba jinkiri yake yi ba, ya tsaya ne, kuma ƙara masa lokaci ba zai haifar da komai ba illa mayar da baƙin allo na daƙiƙa 2 ya zama daskarewar minti guda. Sayen sabon akwatin wuta ko mayar da kati kuwa, bai kamata a kai gare su ba sai faɗuwar ta ci gaba a saitin asali da direba mai tsafta. Kafin a kashe kuɗi, a zare katin a sake zaunar da shi, a cire wayar tsawaita PCIe idan akwai, a gwada saukar da ramin daga zubi na 4 zuwa na 3 a BIOS, kuma idan da hali a gwada katin a wata kwamfutar.

Saura tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan: bayan an gano mai laifi, me za a riƙe? Lissafin ba shi da wuya. Katin da ke gudu a kusan 1900 MHz, idan aka ƙara masa 100, an ƙara kashi 5 cikin 100 ne da ɗan kai, kuma abin da zai bayyana a allo bai kai haka ba. Wasan da ke ba da hoto 60 a daƙiƙa, iyakar fatansa 63. Ga wanda ke neman maki a gasar gwaji, wannan riba ce. Ga wanda ke fitar da bidiyon sa'a biyu da faɗuwa ɗaya za ta mayar da shi farko, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Rage boltej, wanda da yawa ke komawa gare shi a matsayin mafaka, yana rage zafi da ƙarar fanka da gaske, amma kada a ɗauka cewa ba shi da haɗari, domin neman gudu iri ɗaya da ƙarancin boltej shi ma fita ne daga layin da masana'anta ta gwada, kuma yana kayar da direba kamar yadda ƙarin gudu ke yi. Abin da ba ya fita daga layin shi ne rage iyakar wuta, a ce zuwa kashi 85 ko 90, saboda katin yana ci gaba da tafiya a kan ma'aunin da aka ƙera shi da shi, sai dai ba ya hawa can sama.

Don haka ga kwamfutar da ake neman abinci da ita, abin da nake gani ya dace shi ne a bar XMP ko EXPO idan sun ci gwaji cikin zafi, a bar zuciyar katin a kan asalinta, a ɗan rage iyakar wuta idan zafi yana damu. Ga ta wasa, a riƙe ƙarin gudun, amma a ja da baya da kamar 30 MHz daga lambar ƙarshe da ta ci gwaji, domin lambar da ta tsaya a ɗaki mai sanyi ba lallai ta tsaya ba idan yanayi ya ɗumama ko ƙura ta taru a fankoki. A ajiye furofayil biyu a Afterburner, ɗaya na asali ɗaya na ƙari, a kuma rubuta a takarda lambar direban da aka yi gwajin da shi da ranar da aka yi. Duk lokacin da sabon direba ya fito, a koma furofayil na asali kafin a saka shi, a yi kwana biyu ko uku a haka, sannan a ɗora ƙarin.